Yawon Ƙafa da Kyamara a Tsohon Birni: Darasi daga Kano zuwa Mafara, Bakura da Maradun



Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Amma shi gani yana da wata tawaya guda, watau ba ya wuce ran wanda ya gani. Idan dattijon da ya san kamannin wata ƙofa ko wata kasuwa ya kwanta dama, to, abin da ya rage sai ji, shi kuwa ji kullum ƙara dushewa yake yi daga baki zuwa baki. Tun daga 1839, lokacin da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa, ɗan Adam ya sami hanyar ajiye gani don wanda ba a haifa ba. Wannan lacca ta shafi wannan hanya ce, da yadda mutum zai ratsa tsofaffin unguwanni da ƙafa, yana riƙe da kyamara, ya komo da abin da zai amfani na baya.

A idon mutane da yawa irin wannan yawo sha'ani ne na baƙi 'yan yawon buɗe ido, waɗanda kan zo su ɗauki hoton raƙumi da rawani su koma ƙasarsu. Manufar laccar ita ce a nuna cewa aiki ne na ilmi, kuma ɗan ƙasa ya fi kowa cancantar yin sa. Za a ɗauki birnin Kano a matsayin misali, domin a can aka fi samun tsofaffin unguwanni a haɗe wuri ɗaya, sa'an nan a dawo da darasin zuwa garuruwan yammacin Zamfara.

Abin da Ya Sa Sai da Ƙafa

Da ƙafa aka tsara tsohon birnin Hausa, kuma don mai ƙafa aka tsara shi. Faɗin lungu bai wuce yadda jaki da mangala zai ratsa ba. Karkacewar hanya kuwa tana da dalili, domin tana kare ƙofar gida daga idon mai wucewa, tana kuma karya ƙarfin iska da ƙura. Wanda ya bi titin kwalta a mota zai ga bayan shaguna da allunan talla kaɗai, ya tafi yana zaton ya ga birni. Ainihin birnin yana can ciki, inda dakali yake a ƙofar zaure, inda makarantar allo take a gindin bango, inda indararo yake zubo ruwan soro zuwa rariya.

Bugu da ƙari, tafiyar ƙafa tana tilasta wa mutum yin sallama. Mai mota ba ya gaishe da kowa, ba kuwa wanda zai gaya masa sunan wuri. Mai ƙafa dole ya tsaya gun dattawan da ke zaune a kan dakali, su tambaye shi daga ina, shi kuma ya tambaye su gidan wane ne wannan, wa ya gina shi, yaushe aka yi masa yaɓe na ƙarshe. Hoton da bai zo da irin wannan bayani ba, ƙawa ce kawai. Wanda ya zo da shi kuwa ya zama shaida.

Daga Ƙofar Mata zuwa Dala

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa an fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134), aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), aka sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623). A cikin wannan da'ira ne mai yawo zai yi wuninsa, kuma ya fi kyau ya faro daga gabas da sassafe, ya bi rana zuwa yamma.

Zangon farko shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Da hantsi haske yakan faɗo a karkace, ya fito da bakin kowace karofi da shuɗin da ya rine hannuwan masu aiki. A nan akwai jarrabawa ta farko ga mai kyamara. Kowane baƙo yakan ɗauki hoton marini yana tsoma zane, ya wuce. Mai neman ilmi zai ɗauki matakan aikin bi da bi: baba da toka kafin a zuba, kumfar da ke nuna rini ya nuna, zanen da ke fitowa kore-kore ya koma shuɗi idan ya sha iska, da mabuga inda ake bugun zane a kan gungume har ya yi ƙyalli. Zai kuma juya ya ɗauki karofin da aka daina amfani da su, waɗanda suka cika da shara, domin yawansu shi ne ma'aunin yadda sana'ar ta ja baya tun da yadin masaƙu da rinin kanti suka cika kasuwa.

Daga nan sai a miƙe yamma zuwa babban masallacin Juma'a, wanda aka sake ginawa a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da Gidan Rumfa, da Gidan Makama wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. A cikin sorayen Gidan Makama ake ganin gwanintar maginan Hausa ƙuru-ƙuru: yadda ake jera azara a ɗaure ta har ta lanƙwasa ta zama bakan gizo, da yadda bakuna kan haɗu a tsakiyar rufi a yi ɗaurin guga. Irin wannan ɗaki duhu gare shi, saboda haka sai an kafe kyamara a kan wani abu mai ƙarfi, an bar hasken ƙofa ya yi aikinsa. Walƙiyar kyamara takan baje zanen bango ta kashe inuwar da ke fito da shi.

Zango na uku shi ne Kasuwar Kurmi, wadda ita ma ake danganta kafuwarta da Rumfa. Layukanta a rabe suke bisa sana'a, ga 'yan dukawa, ga masu kayan doki, ga 'yan koli, ga masu litattafai. A kewayenta kuwa sunayen unguwanni da kansu tarihi ne. Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa da Ayagi suna faɗin asalin waɗanda suka fara zama a cikinsu. Dandalin Turawa yana tuna zamanin da kalmar Turawa take nufin Larabawa fatake da suka ƙetaro Sahara daga Gadamas da Tarabulus. Sharifai tana da nasaba da zuwan Shehu Magili a zamanin Rumfa, Madabo kuwa tsohuwar cibiyar karatu ce ta Wangarawa. Wanda ya ɗauki hoton lungu bai rubuta sunan unguwar ba, ya zubar da rabin abin da ya samo.

A waɗannan lunguna ne ake samun ragowar gidajen ƙasa na da. Abin lura ga mai kyamara shi ne fuskar zaure, da zankwayen da ke kusurwar soro, da zanen dagi a saman ƙofa, da irin yaɓen da aka yi. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, don kare soro daga ruwa. A nan sai a ga yadda sana'o'in birni suke riƙe da juna: abin da marini ya kwashe daga gindin karofi, da abin da majemi ya kankare daga fata, su ne magini yake jira. Da marina ta yi rauni, laso ya yi wuya, sai siminti da kwano suka maye gurbinsa. Hoton bango ɗaya, idan an fahimce shi, yana iya bayyana wannan sarƙa duka.

Zango na ƙarshe shi ne kan dutsen Dala, mazaunin Barbushe a labarin farkon Kano, kuma lokacin hawansa shi ne bayan la'asar. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, ya hau Dala ya zana abin da ya hango, ya kuma ƙiyasta mazaunan birnin da mutum 30,000. A zamaninsa gonaki da fadamu sun cinye babban ɓangare na cikin ganuwa. Wanda ya tsaya a wurin a yau zai ga rufin kwano har iyakar ganinsa. Zanen Barth da hoton yau, idan aka jera su, sun fi dogon bayani nuna abin da shekaru fiye da 170 suka yi wa birnin.

Abin da Hoto Ya Ceta

Mai yiwuwa wani ya ce, birni da ya shekara ɗaruruwa a tsaye, ina gaggawar ɗaukar hotonsa? Amsar tana cikin abubuwan da suka faru a idon mutanen da ke raye. Dalar gyada, wadda ta zama tambarin Kano a duniya, ta ɓace a cikin shekarun 1970, kuma yaron yau ba shi da hanyar ganin ta sai a hoto. Ganuwa, wadda aka shigar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman Hukumar UNESCO ta amince da su a 2007, an ci mafi yawanta da gine-gine da haƙar ƙasa. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina wata da siminti, haka kuma aka yi wa wasu ƙofofin. Ginin ƙasa ma ko ba a rushe shi ba, idan aka daina yi masa yaɓe, damina kaɗan ta ishe shi.

Masallacin Juma'a na Zariya misali ne na abin da aikin mutum ƙalilan kan iya ceta. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a farkon rabin ƙarni na 19. A shekarun 1970 aka rufe babban ɗakin salla a cikin sabon gini na siminti, wasu sassan kuwa aka kawar da su. Kafin haka wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, da mataimakansa 'yan Nijeriya sun auna masallacin sun ɗauki hotunansa. Da wannan awo aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, kuma aka buga aikin nasa cikin juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa. Ba don wannan ba, da yawa daga fasalin ginin da sai dai a ji a baka.

A wasu ƙasashe hukuma ce da kanta take sa a yi. Lokacin da ake rushe tsofaffin lungunan birnin Faris a shekarun 1860 don shimfiɗa manyan tituna, hukumar birnin ta ɗauki mai hoto, Charles Marville, ya bi lungunan ɗaya bayan ɗaya kafin magina su iso. Bayansa Eugène Atget ya shafe kusan shekara 30 yana yawo da ƙafa a birnin da katuwar kyamara ta katako, yana ɗaukar ƙofofi da matakala da 'yan talla, har ya rasu a 1927 ba tare da ya yi wani suna ba. A yau dubban hotunansa su ne madogarar masu nazarin tsohon Faris. A nan gida kuma, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan dubu, yana rubuta sunan kowane salo. Dukkansu abu ɗaya ya haɗa su: sun ɗauki abin da mutanen zamaninsu suke ganin bai kai a ɗauka ba saboda sabo.

Ladubban Mai Kyamara

Unguwa gidan mutane ce, kuma wanda ya shige ta da kyamara baƙo ne ko da a garin aka haife shi. Ladabi na farko shi ne a fara da mai unguwa, a gaya masa abin da ya kawo mutum, a nemi ya haɗa shi da ɗan jagora. Na biyu, zaure shi ne iyaka. Abin da ke bayan shigifa hurumin iyali ne, ba a leƙa shi da ido, balle da kyamara, sai da izinin mai gida da na matan da kansu. A nan ɗalibai mata suna da damar da maza ba su da ita, domin su ne za su iya adana kamannin tsakar gida, da jeren ɗaki, da madafa, da sana'o'in da ake yi a cikin kulle, idan masu wurin sun yarda.

Na uku, ba a ɗaukar fuskar mutum sai ya sani. Akwai waɗanda suke ƙyamar hoto saboda fahimtarsu ta addini, akwai masu ƙi saboda kunya, kuma babu wanda ya wajaba ya faɗi dalilinsa. Yara da almajirai da marasa lafiya sun fi buƙatar kariya, domin ba su da bakin hanawa. A zamanin fim, hoto yakan tsaya a cikin akwatin mai shi. Yanzu da wayar hannu da intanet, hoton da aka saki da safe ya gama duniya kafin azahar, ba kuwa mai iya dawo da shi.

Na huɗu shi ne gaskiya. Akwai mai hoton da ba ya ganin komai sai bola da kwata, akwai kuma wanda yakan kauce wa turakun lantarki da babura don hotonsa ya yi kama da zamanin Barth. Duka biyun sun rage wani abu daga gaskiya. Idan tsohon zaure yana jingine da shagon cajin waya, to, haka za a ɗauke shi, domin haka yake a wannan shekara, kuma mai nazari na gaba wannan haɗuwar ce zai fi so ya gani. Na ƙarshe, a mai da alheri. Wanda aka ɗauki hoton gidansa ko sana'arsa, a wanke kwafi ɗaya a kai masa.

Mafara, Bakura da Maradun

Ɗalibin da ya fito daga Garbadu ko Bakura zai iya cewa garinsu ba shi da Gidan Rumfa, ba shi da Dala, me zai ɗauka? Tarihin yankin da kansa ya isa amsa. Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aikin da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi. Tafkin da ya taru ya ci gonaki da garuruwa na ƙasar Maradun, aka tashi dubban mutane aka mai da su sababbin matsugunai, ciki har da sabon garin Maradun. Rikicin diyya da na rabon gonaki ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980. Masana sun yi rubuce-rubuce a kan madatsar da kan rikicin. Amma jikan mutumin da aka tasa, abin da yake so ya gani shi ne ƙofar gidan kakansa, da masallacin unguwarsu, da itacen da ake zama a gindinsa. Duk wanda ya ratsa waɗannan garuruwa da kyamara a 1975, ya rubuta sunaye, ya bar wa zuriya dukiyar da kuɗi ba sa saye.

Abin da ruwa ya yi a wancan lokaci, rashin tsaro ya maimaita shi ta wata fuska. Tun daga wajen 2011 hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Zamfara, gidan ƙasa kuwa idan babu mai yaɓe ba ya jiran masu shi su dawo. Wannan ba kira ba ne ga kowa ya jefa kansa cikin haɗari, domin babu hoton da ya kai rai daraja, kuma wajibi ne a nisanci ɗaukar wuraren jami'an tsaro. Kira ne a fara da inda ake zaune lafiya, tun ana zaune.

Abin ɗauka kuwa yana da yawa. Akwai kasuwar Talata Mafara a ranar cinta, layi bayan layi. Akwai fadar sarki da ƙofar gidan hakimi, da tsofaffin masallatai, da ragowar ganuwa inda ta saura. Akwai rumbunan ƙasa da yadda ake ɗora musu jinka, da maƙera, da masaƙa, da wurin ginin tukwane. Akwai magudanan ruwan Bakolori da fadamun shinkafa, da masunta da komayensu a bakin tafki. Ɗalibi ɗaya, a hutu ɗaya, da wayar da ke aljihunsa, zai iya gama unguwa guda.

Yadda Za a Adana

Hoto ba ya zama shaida sai an bi wasu ƙa'idoji masu sauƙi. Kowane gini a ɗauke shi daga nesa don a ga maƙwabtansa, a matso a ɗauki fuskarsa, sa'an nan a ƙara matsowa a ɗauki ado ko ɓarakar da ke jikinsa. A rubuta rana da wata da shekara, da sunan gari da unguwa, da inda aka tsaya, da nahiyar da aka fuskanta, da sunan maginin idan an san shi. Bayan shekara biyar ko goma a koma daidai wurin a sake ɗauka. A lura da yanayi kuma: hazon hunturu yakan dusashe nesa amma ya tausasa haske, bayan ruwan sama kuwa iska takan washe, launin ƙasa ya fito.

Sai batun ajiya, inda aka fi yin hasara. Waya takan faɗi a ruwa, takan ɓace, takan lalace, ta tafi da hotuna dubu a dare ɗaya. Ya kamata a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a kuma wanke mafi muhimmanci a takarda, a rubuta bayaninsu a baya. Akwai wuraren da aka kafa don irin wannan ajiya, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da hukumar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da ɗakunan karatu na jami'o'i.

A nan ne nauyi ya hau kan ma'aikata. Duk titin da za a faɗaɗa, duk kasuwar da za a tasa, duk masallacin da za a sabunta, takardarsa takan bi ta teburin wani jami'i kafin katafila ta iso. Ba ya buƙatar kasafi mai yawa a sa sharaɗi cewa kafin a taɓa tsohon gini sai an ɗauki hotonsa ta kowace fuska, an auna shi, an ajiye kwafi a ofishin ƙaramar hukuma da fadar sarki. Jami'in da ya rattaba hannu a kan rushewa ba tare da wannan ba, ya yanke hukunci a madadin mutanen da ba su zo duniya ba tukuna.

Kammalawa

Gari ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma babu mai hankalin da zai ce a hana mutane titi ko asibiti ko rufin da ba ya yoyo don a ajiye wa masu hoto abin kallo. Abin da ake nema ya fi haka sauƙi: kada wani abu ya tafi ba a san kamanninsa ba. Barth ya zo daga Jamus, Dmochowski ya zo daga Folan, kuma ana gode musu. Amma ba su san sunan kowane lungu ba, ba su iya shiga tsakar gida ba, ba su kuwa kai kowane gari ba. Ɗan Garbadu da 'yar Bakura da ma'aikacin Maradun suna da harshen, suna da dangin, kyamarar ma tana hannunsu. Abin da ya rage shi ne su fita da hantsi, su yi sallama a ƙofar mai unguwa, su fara daga lungun da aka haife su.